Tsagar da ke jikin dokar shekarun shan giya

A jihar Wisconsin ta ƙasar Amurka, yaro ɗan shekara 16 zai iya shiga mashaya, ya ja kujera ya zauna, a cika masa kofi da giya, ya kurɓa a gaban kowa, kuma babu ɗan sandan da zai ce masa kanzil. Abin da ake buƙata kawai shi ne mahaifinsa ko mahaifiyarsa na zaune kusa da shi, mai mashayar kuma ya amince. A teburin da ke gefe, ga wani saurayi ɗan shekara 20, ya yi aikin soja ya dawo, yana jefa ƙuri'a, yana biyan haraji. Tunda shi kaɗai ya zo, ko ɗigo ba za a sayar masa ba. Amma da a ce ya auri 'yar shekara 21 ya taho da ita, shi ke nan, ƙofa ta buɗe. A jihar Texas ma kusan haka abin yake.

Ni dai ba na shan giya, kuma a wurin wanda addininsa ya haramta masa ita babu wata ranar haihuwa da za ta zo ta halatta ta. Wannan a sarari yake. Sai dai ɗaruruwan miliyoyin mutane na rayuwa a ƙarƙashin irin waɗannan dokoki, kuma wanda bai taɓa kai kofi bakinsa ba titi ɗaya yake bi da wanda ya kwankwaɗa ya kama sitiyari. Don haka maganar ta shafi mai sha da marar sha.

Duk lokacin da aka tayar da wannan zance, musun ba ya wuce lamba. Wannan ya ce 18, wancan ya ce 21, wani ya kawo Jamus da 16. Ni kuwa da na zauna na duba dokokin ƙasashe daban-daban, hankalina bai tsaya a kan lambar ba. Ya tsaya ne a kan togaciyar da ake maƙala mata a ƙasa, wato waɗannan ƙananan layuka da ke farawa da "sai dai idan". An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ganina tsagar da ta fi kowacce haɗari ita ce wadda mutane suka fi yi wa kallon mutunci, ta shan giya a gaban iyaye. Wadda kuma ta fi ceton rai ita ce wadda aka daɗe ana ƙyamata, ta yafe wa yaron da ya kira motar asibiti don abokinsa.

Yadda Amurka ta isa ga 21 a matsayin shekarun sayen giya labari ne mai koyar da darasi, domin ƙasar ta gwada hanyoyi biyun da jikin 'ya'yanta. Bayan an ɗage haramcin giya na ƙasa baki ɗaya a 1933, aka bar wa kowace jiha ta yanka wa kanta, kuma mafi yawansu suka tsaya a 21, shekarun da ake ɗauka na cikar mutum a lokacin. Sai yaƙin Biyetnam ya zo. Ana kwasar samari 'yan 18 ana kai su fagen daga alhali ba su da ikon zaɓen wanda ya tura su. A 1971 aka yi wa tsarin mulki gyara na 26, shekarun jefa ƙuri'a suka sauko 18. Daga nan jihohi kusan 30 suka bi da giya, wasu 18, wasu 19, wasu 20. Ba a jima ba masu ƙididdigar haɗurran mota suka fara ganin gawarwakin matasa na ƙaruwa. Abin ya fi muni a kan iyakokin jihohi: saurayi ya tuƙa mota daga jihar da aka hana shi zuwa wadda aka yarje masa, ya sha ya yi tatul, ya kamo hanyar gida da tsakar dare. Har suna aka raɗa wa irin waɗannan wurare, iyakokin jini.

A watan Mayun 1980 wani direba a buge ya banke wata yarinya 'yar shekara 13 a Kalifoniya tana tafiya a ƙafa, ta mutu. Mahaifiyarta, Candy Lightner, ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda ake kira MADD. Abin lura a nan, direban da ya kashe yarinyar ba yaro ba ne, magidanci ne da ya haura 40, kuma ba karon farko ke nan da aka kama shi ba. Amma guguwar da ƙungiyar ta tayar ita ta kai ga dokar 1984. Shugaba Ronald Reagan, wanda da farko ya ja da baya saboda yana ganin hurumin jihohi ne, ya sa mata hannu a watan Yulin shekarar. Dabarar da aka yi ta burge ni. Gwamnatin tarayya ba ta ce ta hana kowa ba, tunda ba ta da wannan ikon. Cewa ta yi duk jihar da ta ƙi mayar da shekarun saye 21 za a zaftare mata wani kaso na kuɗin gina manyan hanyoyi, har kashi 10 cikin 100. Jihar South Dakota ta garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta kayar da ita a 1987. Zuwa 1988 Wyoming, wadda ta fi kowa taurin kai, ita ma ta bi sahu.

To, dokar ta yi aiki? Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa dokokin 21 sun ceci rayuka sama da 30,000 daga 1975 zuwa 2017. Masu shakka na da abin cewa, kuma ban raina hujjarsu ba: a daidai wannan zamanin ne aka tilasta ɗaura bel, motoci suka ƙara inganci, aka tsananta wa masu tuƙi a buge. Kanada ma, da ta tsaya a 18 da 19, ta ga raguwar irin waɗannan haɗurra. Saboda haka ba duk ladan ne na lambar 21 ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta wani wajen ta fito. Wasu masana tattalin arziki biyu, Christopher Carpenter da Carlos Dobkin, suka ɗauki takardun mace-mace a Amurka suka jera su bisa shekarun mamatan, wata bayan wata. Wanda saura wata guda ya cika 21 da wanda ya cika da wata guda ai mutum ɗaya ne, jikinsu ɗaya, hankalinsu ɗaya, motocinsu iri ɗaya. Abin da ya raba su kawai shi ne ɗaya an buɗe masa ƙofar mashaya. Sai ga shi mace-mace sun yi tsalle da kusan kashi 9 cikin 100 daidai wannan gaɓar, kuma yawancin ƙarin haɗarin mota ne da masu kashe kansu da yawan barasa a jini. An yi irin wannan lissafin a Ostiriya, inda ƙofar ke buɗewa a 16, aka ga kwanciya asibiti saboda maye ta ɗaga daidai bayan ranar haihuwar. New Zealand kuwa ta sauko daga 20 zuwa 18 a 1999, bincike ya biyo baya ya nuna raunukan haɗarin mota sun ƙaru, har a tsakanin 'yan 15 zuwa 17 waɗanda dokar ba ta ma ambace su ba. Dalilin a fili yake. Ɗan 18 yana makaranta ɗaya da ɗan 16, shi ne yayan abokinsa, shi ake aike. Duk inda ka ja layi, ruwan na malalowa shekara biyu ko uku ƙasa da shi.

Akwai tambayar da ba ta tsufa: yaya za a ba mutum bindiga a 18 a hana shi kofi? Tana da daɗin faɗa, amma ba ta kai zurfin da ake zato ba. Babu ƙasar da ke miƙa wa mutum dukkan makullan girma a rana ɗaya. A Amurkar kanta ana tuƙi a 16 a jihohi da yawa, ana zaɓe a 18, ba a zama sanata sai 30, shugaban ƙasa sai 35, kuma tun 2019 taba ma sai 21. Japan ta sauko da shekarun cikar mutum zuwa 18 a 2022, amma ta bar giya da taba a 20, da gangan. Kowane abu da irin haɗarinsa. Sojan nan ɗan 18 watanni aka yi ana horar da shi, da wani a kansa yana ba shi umarni, kuma bindigar ba ta rage masa hankalin da zai riƙe ta da shi. Giya kuwa abin da take fara taɓawa shi ne hankalin da za a ce ya isa haka. Likitoci sun daɗe da nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da taka wa zuciya burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Ban ce 21 saukakkiya ce daga sama ba. Layi ne mutane suka ja, kamar yadda aka ja 18, kuma duk inda aka ja shi sai an ƙware wani mai hankali an kuma bar wani sakarai ya wuce. A 2008 shugabannin jami'o'in Amurka sama da 100, ƙarƙashin jagorancin John McCardell, suka sa hannu a wata takarda suna neman a sake duba lambar, a cewarsu ta kora shan giya cikin ɗakunan kwanan ɗalibai inda babu ido. Ƙorafinsu na da ƙamshin gaskiya, zan kuma dawo kansa. Amma dubi inda ƙasashe ke fuskanta. Faransa ta ɗaga zuwa 18 a 2009, Holan ta bar 16 ta koma 18 a 2014, Lituweniya ta kai 20 a 2018. Waɗanda suka ɗanɗana sassauci su ne ke ƙara ɗaure igiya.

Yanzu ga togaciyar. Mutane da yawa ba su san cewa dokar Amurka ta 1984 ba ta hana sha ba. Saye da riƙe giya a bainar jama'a ta hana. Abin da zai faru a falo ko a bayan gida an bar wa jihohi, shi ya sa dokar ta zama kamar rigar da kowa ya yi wa nasa facin. Wasu facin ba su dame ni ba ko kaɗan. Kurɓin ruwan inabi da Kirista ke yi a Jibin Ubangiji, ko wanda ake yi a gidan Bayahude a daren Idin Ƙetarewa, ibada ce a wurin masu ita, kuma ba wanda ke zuwa can don ya bugu. Maganin da likita ya rubuta mai ɗan barasa a ciki, magani ne. Akwai ma wata mai ban dariya: a wasu jihohi, har da Kalifoniya, ɗalibin da ke koyon sana'ar haɗa ruwan inabi, idan ya kai 18, an yarda ya ɗanɗana a aji da sharaɗin ya tofar. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofa a bokiti, malami na tsaye. Wannan doka ta san abin da take so, harshe ya koya, ciki kada ya gani.

Wadda nake ja da ita ita ce ta iyaye. A Jamus ɗan 16 na sayen giya mai kumfa da ruwan inabi da kansa, masu ƙarfi irin su wiski sai 18, amma ɗan 14 zai iya sha a gidan cin abinci muddin uwa ko uba na wurin. A Birtaniya saye sai 18, ɗan 16 ko 17 na iya shan mai sauƙi tare da abinci idan babba ne ya saya yana kuma zaune. A cikin gida kuwa, dokar Ingila ta 1933 yaron da bai kai shekara 5 ba kawai ta ce laifi ne a ba shi. Shekara 5. Yaron da bai gama iya ɗaure igiyar takalminsa ba.

Hujjar masu goyon bayan wannan tsari na san ta, kuma ba mugaye ba ne ke kawo ta. Uba ne mai son ɗansa yake cewa: tunda dai zai sha ko na so ko ban so ba, gara ya fara a gabana, in koya masa iyaka, in cire masa ɗokin abin da aka hana. Sai a ɗora da labarin Faransa da Italiya, inda wai yaro ke tashi da ɗan ruwan inabi gauraye da ruwa a teburin cin abinci, ya girma bai san maye ba.

Labarin na da daɗi, amma Faransar kanta ba ta yarda da shi ba. Har zuwa 1956 ana ba yara ruwan inabi a ɗakin cin abinci na makaranta. A shekarar gwamnati ta hana ga 'yan ƙasa da 14, sai a 1981 aka kammala hanawa a manyan makarantun sakandare. A shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya, a matsakaicin lissafi, na shanye sama da lita 100 ta ruwan inabi a shekara, ciwon hanta kuma na kwasar mutane ba ƙaƙƙautawa. Yau abin da suke sha bai kai rabin haka ba. Mutumin da ke shan kwalba guda kullum bai taɓa tangaɗi a titi ba, sai a ce ya iya sha, alhali hantarsa ce ke biyan bashin a ɓoye. Idan kuma fara sha da wuri na koyar da natsuwa, to da Danmak ta zama zakaran gwajin dafi, tunda can ɗan 16 na shiga kanti ya sayi giya kuma iyaye ba su ɗauki abin bakin komai ba. Amma a binciken da ake yi wa ɗaliban Turai 'yan 15 da 16, na 2019, kusan kashi 40 cikin 100 na yaran Danmak sun ce sun bugu a cikin watan da ya gabata, alhali matsakaicin ƙasashen bai wuce 13 ba.

Sannan an gwada maganar uban nan kai tsaye. A Ostireliya masu bincike suka bi yara kusan 1,900 da iyayensu tsawon shekara 6, tun yaran na wajen shekara 12 zuwa 13, aka buga sakamakon a mujallar Lancet ta lafiyar al'umma a 2018. Yaran da iyayensu suka riƙa ba su giya ba su sami kariyar komai ba. Idan aka gwada su da waɗanda ba a ba su ba, sun fi faɗawa shan wuce kima, sun fi gamuwa da illolinsa, kuma sun fi zuwa neman giya a wani wajen a shekarar da ta biyo. Wato kofin gida bai maye gurbin kofin waje ba, hanya ya share masa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

In mutum ya natsu, ba abin mamaki ba ne. Uba na zaton darasin da yake bayarwa shi ne "kofi ɗaya ya isa". Abin da yaron ya ɗauka kuwa shi ne "a gidanmu ba laifi ba ne". Rabin farko na darasin yana aiki ne kawai idan uban na zaune. Rabi na biyu shi yaron ke sawa a aljihu ya tafi da shi bikin abokai, inda babu mai ƙirga kofi. Ga shi kuma an riga an cire masa shingaye biyu da suke tsare yara da yawa: ɗacin kurɓin farko, da nauyin kada a ji a gida. Tun 1997 wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa cikin waɗanda suka fara sha kafin 15, kusan 4 cikin 10 sun kamu da jarabar giya a wani lokaci na rayuwarsu, su kuwa waɗanda suka jira har 20 ko sama, kusan 1 cikin 10. Gaskiya ne ba duka laifin farawa da wuri ba ne, domin yaron da ya fara a 13 sau da yawa akwai abin da ke damunsa tun kafin nan, ko gado, ko gidan da ba kwanciyar hankali. Amma wannan ma ai hujja ce a kan togaciyar.

Domin idan 'yan majalisa na rubuta "a gaban iyaye", wani irin uba suke hangowa: mai natsuwa, mai kofi ɗaya a ranar biki, wanda zai ce ya isa. Doka kuwa ba ta da idon tantance uba. Izinin da ta ba wancan shi ta ba wanda ya riga ya yi nisa tun la'asar, yana neman abokin hira, yana alfahari ɗansa ya zama namiji. Kuma cikin biyun wa kake jin zai fi yawan amfani da wannan dama? Gidan da giya ta fi yawa a cikinsa shi ne gidan da yaro ya fi kusa da kwalba, shi ne kuma gidan da jarabar ta fi yiwuwa tana cikin jini. An ba kura ajiyar nama, an kuma buga mata hatimi. Mai mashaya da ya ga haka ba shi da abin riƙewa sai ra'ayin kansa, ga kuma ciniki na kallonsa.

Za a ce to iyaye fa, ba su da iko da 'ya'yansu? Suna da shi, kuma ni ba na cikin masu son ɗan sanda ya riƙa leƙa tagar mutane yana shinshina kofuna. Hukumar da ta fara kutsawa gidaje a kan kurɓi ɗaya ɓarnarta za ta fi gyaranta. Amma da bambanci tsakanin abin da doka ta kau da kai a kansa da abin da ta rubuta da hannunta cewa ya halatta. Doka ba hukunci kawai take yi ba, tana kuma faɗa wa mutane abin da ake ɗauka daidai. Uwar da 'yarta 'yar 14 ke matsa mata a gidan cin abinci, idan doka na bayanta, kalma ɗaya ta ishe ta: an hana. Idan kuwa doka ta ce ya rage naki, an bar ta ita kaɗai da yarinyar da ke nuna mata teburin maƙwabta. Ba a ce uba na da ikon sa ɗansa ɗan 14 ya tuƙa mota a babban titin gari don yana zaune a gefe yana son ya cire masa ɗoki ba. Koyon tuƙi ma da ake yi a gaban babba, akwai gwanintar da ake samu. Hanta kuwa ba ta koyon komai.

Hukumomin lafiya na waɗannan ƙasashe sun riga dokokinsu gane haka. A 2009 babban jami'in lafiya na Ingila, Liam Donaldson, ya ba iyaye shawara a rubuce cewa ƙuruciya marar giya ita ta fi, kuma kada yaro ya taɓa ta kafin 15. Doka na cewa 5, likitan gwamnati na cewa 15. A Jamus, ministan lafiya na lokacin, Karl Lauterbach, ya fito a 2024 ya nemi a soke shan 'yan 14 a gaban iyaye, bisa hujjar cewa zaman babba a wurin ba ya rage wa barasa illa a jikin yaro. Iceland kuwa ta nuna irin aikin da ya dace da iyaye. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan 15 da 16 a ƙasar sun ce sun bugu a watan da ya wuce. Aka sa dokar hana yara yawon dare, aka zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran abubuwan yi bayan makaranta, iyayen aji guda suka riƙa yin alkawari a tsakaninsu cewa ba mai saya wa yaro giya, ba mai barin biki a gidansa babu babba. Zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 5 cikin 100.

Sai togaciya ta biyu, wadda nake ganin duk ƙasar da ke da dokar shekaru ya kamata ta kasance da ita, kuma a nan ne ƙorafin shugabannin jami'o'in nan yake da gaskiya. Ka ɗauka ƙarfe 2 na dare ne a ɗakin ɗalibai. Su biyar ne, babu wanda ya kai shekarun. Ɗayansu ya yi gasar shanye kofuna, yanzu yana kwance a ƙasa, an kira sunansa bai amsa ba, an girgiza shi bai motsa ba. Jikinsa ya yi sanyi, leɓɓansa sun fara canza launi, numfashinsa sai ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya dawo da wani irin minshari. Wani ya ce a bar shi ya yi barci, da safe zai warware. Wannan ita ce maganar da ta kashe matasa da yawa, domin barasar da ke cikin ciki tana ci gaba da shiga jini ko bayan an ajiye kofi, kuma wanda ya suma zai iya yin amai ya shaƙe da shi. Wata yarinya a cikinsu ta ciro waya, ta danna lambar gaggawa, yatsanta na kan maɓallin kira. Sai ta tuna ita ma ta sha. Za a zo da 'yan sanda. Za a rubuta sunanta, a kira gida, wataƙila a karɓe lasisinta na tuƙi, wataƙila tallafin karatun ya tafi. Ta mayar da wayar aljihu, ta ce bari a ƙara minti goma a gani.

Dokar da aka yi don kare wannan yaro na kwance, a cikin wannan minti goman ita ce ke danne hannun mai ceto. Shi ya sa wasu wurare suka fito da afuwar neman agaji: duk yaron da ya kira motar asibiti don abokinsa ba za a tuhume shi da laifin sha ba, a wurare da yawa har shi wanda aka kira dominsa. Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara irin wannan tsari a 2002, aka kuma ga kiran agaji ya ƙaru. Jihar Indiana ta mayar da shi doka a 2012, kuma yau mafi yawan jihohin Amurka na da wani nau'insa. An daɗe ana turjiya kafin a kai nan, ana cewa lasisin sha ne aka ba yara. Ban taɓa fahimtar wannan tsoron ba. Babu saurayin da ke ɗaga kwalba yana lissafin cewa idan ya suma ba za a ci abokinsa tara ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne majalisun da suka yi shekaru da yarda uba ya miƙa wa ɗansa kofi ba tare da wani dogon musu ba, su ne suka yi ta jan ƙafa a kan yafe wa yarinyar da ta kira likita.

Afuwar ma ba sakaka take ba. A Indiana sai mai kiran ya faɗi cikakken sunansa, ya tsaya a wurin har masu agaji su iso, ya kuma ba su haɗin kai. Ba ta wanke wanda ya yi tuƙi a buge ko ya sayar da ƙwaya. Rauninta ɗaya ne, kuma babba ne: ba ta da amfani ga wanda bai san da ita ba. Yarinyar nan ba za ta buɗe kundin dokoki da ƙarfe 2 na dare ba. Dole a ce tun tana aji uku na sakandare wani ya tsaya a gabansu ya faɗa musu, ya kuma maimaita: idan abokinku ya ƙi farkawa, ku juya shi ya kwanta a gefensa, kada ku ba shi gahawa ko ku watsa masa ruwan sanyi, kada ku bar shi shi kaɗai, ku ƙirga numfashinsa, in bai kai 8 a minti ɗaya ba ko yana ɗaukewa, ku kira, ku faɗi sunanku, ku zauna kusa da shi har a ƙwanƙwasa ƙofa.